Kafin Ka Ɗora Wa Kamfanin Intanet Laifi: Yadda Za Ka Sasanta Taron Aiki da Kallon Talabijin a Gida Ɗaya

Ina tsakiyar bayani a taron ofis ta bidiyo sai na ga fuskokin abokan aikina sun daskare a allo, kowa da yadda hoto ya kama shi, wani baki buɗe, wani ido rufe. Da suka dawo motsi, sai na ji shugaban sashenmu yana cewa, "Malam, maimaita mana, ba abin da muka ji." Na ce, "A yi haƙuri, Yallaɓai, netwok ne." Karo na uku ke nan a mako guda. Washegari na kira kamfanin da ke ba ni intanet, na sauke musu kwandon masifa, na kuma koma tsarin da ya fi nawa gudu. Ko gezau. Sai daga baya na gano ashe ɓarawon a cikin gida yake: rautar, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, tana ƙasa, cikin durowar da talabijin ke kai, ƙofa a rufe, ga kuma wayar 'yata tana ta ɗora bidiyoyi zuwa ma'ajiyar intanet a daidai lokacin da nake magana.

Sau da yawa gudun da ke shigowa gida ya isa, wajen rabo ne ake samun matsala. Shi ya sa za mu fara da awo, mu bi ta gyaran da ba sai ka taɓa aljihu ba, sayayya kuwa ita ce ta ƙarshe, in ma an kai gare ta.

Lambobi uku da za ka fara ganewa

Na farko gudun saukewa, wato yawan abin da ke zuwa maka. Na biyu gudun ɗorawa, wato abin da ke fita daga gare ka: muryarka, hotonka, fayil ɗin da ka tura. Na uku jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Masu talla na farkon kawai suke rubutawa da manyan haruffa, alhali mai taron bidiyo na biyu da na ukun ne ke ƙona masa rai.

Ana auna gudu da megabit a sakan guda, a rubuta Mbps. Kada ka haɗa shi da megabait da kake gani wajen girman fayil, domin bit 8 ne ke yin bait 1. Layin da ke ba da 40 Mbps, megabait 5 yake saukewa a sakan guda in komai lafiya.

Yanzu dubi abin da kallo ke ci. Netflix tana ba da shawarar 5 Mbps don hoto mai ingancin 1080p, da 15 Mbps don 4K, wanda ya fi shi tsabtar hoto. YouTube ma 5 Mbps take nema a 1080p, a 4K kuma 20. Taron Zoom na mutane da yawa a 1080p bai kai 4 Mbps ba ta kowane ɓangare. Ka haɗa fim ɗaya na 4K, da taronka, da yaro ɗaya a YouTube, za ka ga lissafin bai kai 30 Mbps ba. To in kana biyan kuɗin 50 kuma muryarka na yankewa, ƙarin gudu ba shi ne maganin ba.

Mataki na 1: Auna a wurare uku, ka rubuta

Gani ya kori ji. Ɗauko takarda da biro. Buɗe fast.com ko Speedtest a kwamfutar da kake aiki da ita. A fast.com, idan lambar farko ta fito, danna maɓallin da aka rubuta "Show more info", zai nuna maka gudun ɗorawa da jinkiri iri biyu: na lokacin da layi ke hutawa, da na lokacin da aka ɗora masa kaya. Riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa.

Awon farko, haɗa kwamfutar da rautar da kebul, ka kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar, ka roƙi mutanen gida su ɗan dakata na minti biyu. Wannan shi ne ainihin abin da kamfani ke kawo maka. In rautarka 'yar ƙarama ce marar ramin kebul, tsaya dab da ita. Awo na biyu, cire kebul, ka auna ta Wi-Fi kana tsaye kusa da rautar. Na uku, koma teburin da kake zama, ko ka tsaya gaban talabijin, ka sake aunawa. Maimaita duka ukun da safe, da kuma da daddare lokacin da kowa ya dawo gida.

Fassarar ba wuya. In awon kebul ya yi kusa da abin da aka yi maka alkawari amma na tebur ya faɗi warwas, Wi-Fi ne, kamfani ba shi da laifi. In na kebul ɗin ma ya yi ƙasa safe da dare, kana da hujjar kiran su. In da safe lafiya lau, da daddare kuma ya zube har a kebul, cunkoso ne a hanyar kamfanin, sauya wurin rauta ba zai warkar da wannan ba.

Akwai wani gwaji da na fi so, domin yana kama yankewar da awon gudu ba ya gani. A Windows buɗe Command Prompt, rubuta ipconfig, ka nemi lambar da ke gaban Default Gateway. Adireshin rautarka ke nan, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Sai ka rubuta ping -t da wannan adireshin. Buɗe taga ta biyu ka rubuta ping -t 8.8.8.8, wanda sabar Google ce. Ka bar su suna gudana yayin da kake taro. Ta farko tana auna jinkirin da ke tsakaninka da rauta, bai kamata ta riƙa wuce 'yan milisakan kaɗan ba. Lokacin da murya ta yanke, leƙa. In duka tagogin biyu sun rikice tare, matsalar tsakanin kwamfutarka da rauta take. In ta rauta shiru, ta waje ce kaɗai ke tsalle, to daga rauta zuwa waje ne. Ctrl da C ke tsayar da su.

Mataki na 2: Fito da rautar daga maɓoyarta

Wannan shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri, kuma shi mutane suka fi ƙi, saboda rauta ba ta da kyan gani. Wi-Fi igiyar rediyo ce, tana bazuwa ta kowane ɓangare tana raguwa da nisa, kuma duk abin da ta ratsa sai ya karɓi rabonsa. Katako da gilashi na ci kaɗan. Bangon kankare mai rodi yana ci sosai. Ƙarfe kuwa mayar da ita yake yi, shi ya sa bayan firji, bayan babban madubi da bayan talabijin suke cikin wurare mafi muni. Ruwa ma yana shanye ta, har da wanda ke jikin mutum, don haka falo cike da jama'a yakan rage sabis.

Nemi wuri a tsakiyar gida, ko aƙalla tsakanin ɗakin aikinka da falo. Ɗaga ta sama, kan kanta ko a maƙale a bango, sama da tsayin kujeru. Kada ka kai ta kusurwa, domin rabin sabis ɗin maƙwabta da titi za ka raba wa. Ƙirga bangayen da ke tsakaninta da teburinka a miƙe, ba ta hanyar da ƙafa ke bi ba. Wani lokaci matsar da ita mita ɗaya yakan sa ta daidaita da ƙofa, bango biyu su koma ɗaya. In tana da eriya a waje, a gida marar bene ka tsayar da su a miƙe, domin eriya ta fi watsa sabis ta gefunanta, ba ta tsininta ba.

Mai rauta ta layin waya, mai cin sim, yana da aiki biyu. Rautar na son jikin taga don ta kamo sabis ɗin turken kamfani, na'urorinka kuma suna son ta a tsakiya. Zagaya da ita taga-taga, kana awo kusa da ita a kowace, ka ga wacce ta fi. Bambancin taga da taga a gida ɗaya yakan ba mutum mamaki. In tagar da ta yi nasara ta yi nisa da teburinka, bar rautar a can, ka ja kebul.

Sandunan sabis da ke saman allo ba abin dogaro ba ne. Ana auna ƙarfin Wi-Fi da dBm, lamba ce mai alamar ragi, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai ƙarfi: -50 ya yi kyau ƙwarai, wajen -67 shi ne iyakar da ake so don murya da bidiyo, -80 kuwa wahala ce kawai. A Mac, riƙe Option ka danna alamar Wi-Fi za ka gani. A Android akwai manhajojin duba Wi-Fi da ke nunawa. A Windows, netsh wlan show interfaces zai ba ka ƙarfin a kaso cikin ɗari.

Mataki na 3: Duk abin da ba ya motsi, sa masa kebul

Na'urorin da ke tasha ɗaya ta Wi-Fi kamar mutane ne a zaure, bi da bi ake magana. Wadda ke nesa, mai raunin sabis, a hankali take magana tana maimaitawa, sauran kuma suna jiran ta gama. Duk na'urar da ka cire daga iska ka sa wa kebul, ka ba sauran fili.

Talabijin ba ya yawo, haka na'urar wasan bidiyo, haka kwamfutar tebur. Kebul nau'in Cat5e yana ɗaukar 1,000 Mbps har tsawon mita 100, ya fi ƙarfin bukatar kowane gida. Talabijin da yawa ramin kebul ɗinsu 100 Mbps yake tsayawa, kada wannan ya dame ka, 4K bai kai can ba. In laftof ɗinka ba ta da ramin, akwai 'yar mahaɗa da ake soka wa a USB. Idan kebul ɗaya tak za ka iya ja, teburin aiki za ka kai wa. Talabijin yana tara 'yan sakanni na fim a gaba, ba ya jin ƙaramar tangarɗa. Taron kai tsaye ba shi da wannan ajiya.

Mataki na 4: Shiga saitin rautar

Rubuta adireshin nan na rauta a burauza. Sunan shiga da kalmar sirri galibi suna kan takardar da aka manna a ƙasanta. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, don ka iya komawa in ka ɓata.

Yawancin rautoci suna watsawa a zango biyu. Zangon 2.4 GHz yana zuwa nesa, yana ratsa bango, amma cunkushe yake: Bluetooth a nan yake, na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ma a wajen 2.45 GHz take aiki, ga rautocin maƙwabta. Zangon 5 GHz ya fi gudu da sarari, sai dai bango na gajiyar da shi da wuri. Sababbin rautoci masu Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7 sun ƙara zangon 6 GHz, amma sai na'urarka ma ta san shi.

In rautar ta haɗe zangunan biyu a suna ɗaya, kuma ka lura laftof ɗinka na maƙalewa a 2.4, raba su, ka ba kowanne sunansa. Kwamfutar aiki da talabijin su hau 5 GHz in suna kusa. Firinta, kyamarar tsaro da wayoyin da ke ɗakunan nesa su zauna a 2.4.

Sai tasha, wato channel, ƙananan hanyoyin da aka raba kowane zango zuwa gare su. A zangon 2.4 tazarar da ke tsakanin tasha da tasha 5 MHz ce, alhali kowace rauta tana mamaye kusan 20 MHz, don haka 1 da 6 da 11 ne ba sa taka juna. Duba da manhajar waya ka ga wacce maƙwabta suka fi cika, ka zaɓi mai sauƙi cikin ukun nan, ka bar faɗin a 20 MHz. Kada wayo ya kai ka tasha ta 3 ko ta 9, za ka sha hayaniyar ɓangare biyu. A 5 GHz, tashoshi 36 zuwa 48 kusan kowace na'ura na ganinsu.

Tunda ka shigo, gama da tsaro gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sauya kalmar sirrin shiga saitin, a tsarin tsaron Wi-Fi zaɓi WPA2 ko WPA3, kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ka duba ko akwai sabuntawar manhajar rautar. Duba jerin na'urorin da ke haɗe, in ka ga baƙuwa, sauya kalmar sirrin Wi-Fi. Baƙi kuma buɗe musu layin baƙi in rautar na da shi.

Mataki na 5: Kamo mai cinye hanyar fita

Nan ne tawa matsalar ta ɓuya. A layuka da yawa gudun ɗorawa ya yi ƙasa da na saukewa nesa ba kusa ba. Waya kuma ba ta neman izini: da zarar ta ji Wi-Fi sai ta fara tura hotuna da bidiyoyin ranar zuwa ma'ajiya, da duk ƙarfin da ta samu. Rautar sai ta jera saƙonni a dogon layi, muryarka ta shiga sahu a bayan bidiyon wani. Gudu na nan, amma jinkiri ya tashi daga milisakan 30 zuwa ɗaruruwa. Masana sun ba wannan ciwo suna bufferbloat, kalmar da injiniya Jim Gettys ya yaɗa wajen 2010. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce jinkirin murya a tafiya ɗaya ya tsaya ƙasa da milisakan 150 in ana son hira ta tafi daidai. Da an wuce nan sai ka ga mutane suna katse juna, kowa na cewa "ci gaba, ci gaba."

Koma takardarka ka dubi jinkiri biyun nan na fast.com. In na lokacin kaya ya ninka na lokacin hutu sau da yawa, ka kama shi.

Ranar da na gane, na kira 'yata na ce ta miƙo wayarta. Ta ce, "Baba, ni fa ko taɓa ta ban yi ba, caji take." Gaskiyarta. Wayar na kan caji, allo a kashe, tana ɗora bidiyon minti goma sha. Muka dakatar, na dubi tagar ping, lambobin suka sauko nan take kamar an zare ƙaya.

Magani iri biyu ne. Na hannu: a kowace waya ka san inda ake dakatar da ajiyar hotuna, a kwamfutoci kuma ka dakatar da manhajojin da ke daidaita fayiloli da ma'ajiya kafin taro. A Windows saita sa'o'in aikinka don kada ta sake kunna kanta a tsakiyar aiki, kuma in datarka mai iyaka ce, sanya layin a matsayin mai awo, wato metered connection, za ta rage saukar da manyan sabuntawa. Na'urorin wasa ma suna sauke gigabait da yawa a ɓoye, kashe musu sabuntawa ta kai tsaye. Kyamarar tsaro mai tura hoto waje kuwa dare da rana take ci.

Na rauta: nemi sashen QoS ko SQM, inda ake tsara yadda rauta ke raba hanya tsakanin na'urori. Wasu rautocin za su bar ka ka fifita na'ura ɗaya, sai ka zaɓi kwamfutar aiki. Waɗanda suka fi kyau za su tambaye ka gudun layinka. Rubuta kaso 85 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ka auna da kebul, ba abin da ke takardar talla ba. Ka yafe ɗan gudu, layin jira ya daina taruwa. A rautar sim wannan bai cika kamawa daram ba, domin gudunta na hawa da sauka, sai ka ɗauki lambar da ka samu da daddare.

Mataki na 6: Rage wa talabijin ci

Ga mai data mai iyaka, wannan ya fi komai. A lissafin Netflix, awa ɗaya na iya cin gigabait 1 a hoto na talaka, har 3 a HD, har 7 a 4K. A ra'ayina, kan talabijin mai inci 43 da kake kallo daga ƙarshen falo, da wuya idonka ya raba 4K da 1080p. Shiga saitin asusun ka rage ingancin, musamman a ɓangaren asusun da yara ke kallo da shi, ka kashe kunna shiri na gaba da kansa, don kada talabijin ya kwana yana yi wa kujeru wasa. A waya da kwamfutar hannu, a sauke abin kallo da daddare a kalla da rana.

Mataki na 7: In har sai an saya

Idan bayan duk wannan akwai ɗakin da sabis bai kai ba, zaɓi mafi inganci shi ne rauta ta biyu da aka ja wa kebul daga ta farko, a saita ta a matsayin mai watsa Wi-Fi kawai. Tsohuwar rautar da ke cikin kwali ma takan yi. Bayansa sai tsarin mesh, na'urori biyu ko uku masu magana da juna a ƙarƙashin suna ɗaya. Na ƙarshe a wurina ita ce 'yar rifita da ake soka wa a soket. Mai rediyo ɗaya saurara take yi sannan ta maimaita a tasha guda, gudun yakan ragu da kusan rabi. In ita ka samu, kada ka kai ta ɗakin da ba sabis, ba abin da za ta maimaita sai rauni. Tsakiyar hanya ake sa ta, inda sabis ke da sauran ƙarfi. Rautar da ta tsaya a Wi-Fi 4, fasahar 2009, musamman marar zangon 5 GHz, ita kam ta cancanci hutu.

Ranar babban taro, haɗa laftof ɗinka da hotspot na wayarka tun da wuri sau ɗaya, don ta riƙe kalmar sirrin, in layin gida ya faɗi dannawa ɗaya ce. Yi amfani da abin kunne mai waya. In murya ta fara rawa, kashe HD, in ta ƙi, kashe kyamarar gaba ɗaya, murya kaɗan take ci. Wanda ofishinsa ya sa masa VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinsa ta killatacciyar hanyar ofis, ya auna da shi a kunne da kuma a kashe, in dokar wurin aikin ta yarda. Idan VPN ɗin ne ke jan ƙafa, masu kula da kwamfutocin ofis za ka kai wa ƙara.

In kuwa awon kebul ne ya nuna gazawa, kira kamfanin da takardarka a hannu. Gaya musu ka auna da kebul, sauran na'urori a kashe, ka faɗi ranaku da sa'o'i, da gudun da ka samu, da wanda kake biya. Faɗa musu ping zuwa rauta lafiya yake, na waje ne ke yankewa. Za su ce ka kashe rautar ka kunna, yi musu, ka jira sakan 30 kafin ka mayar da wuta, ka sake aunawa suna kan layi. Kafin ka ajiye waya, karɓi lambar ƙorafin ka rubuta a ƙasan lambobinka, tare da ranar da suka ce ma'aikacinsu zai zo.